Sakan Goma Sha Ɗaya a Kaset ɗin Malam Tsoho

Ranar da abin ya fara, yammaci ne irin na ƙarshen damina a Gadarif. An gama yankan riɗi, manyan motoci na ta shigowa gari da buhuna, baƙar ƙasar nan ta soma tsagewa. A gidan Osman mai kayan sauti, matarsa Jummare na durƙushe gaban wuta tana shafa kisra, wato siririyar wainar dawa, mahaifiyarsa Hajo kuma na kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfar da suke kira rakuba, carbi a hannu, tana jiran kiran magariba. Osman kansa yana cikin ɗakin kwanon da ke ƙuryar gida, ya rufe kunnuwansa da wata ƙatuwar samma'a ta sauraron sauti, ransa a ɓace kamar yadda ya wuni.

Sana'arsa a kasuwa ita ce ba da hayar lasifika ga masu biki da masallatai, da kuma kwafe tsofaffin kaset zuwa cikin laftof. Tun da hukuma ta sa doka cewa kowane biki ya tashi da ƙarfe sha ɗaya, hayar ta ja baya, sai ya fi dogara da kwafen. Amma akwai kaset guda da ba na kowa ba ne sai nasa. Mahaifinsa Malam Tsoho ne ya naɗe shi a shekarar tamanin da huɗu, a sansanin ma'aikatan gona na Gadambaliya, ya aiko da shi gida a matsayin wasiƙa. Bayan wata biyu zazzaɓi ya ɗauke shi a can, Osman yana ɗan shekara biyar. Batirin rikodar da aka yi naɗin da ita ya yi sanyi, don haka muryar ta fito can ƙasa-ƙasa. Ana jin gaisuwa, ana jin labarin dawa da ruwan sama. Daf da ƙarshe sai tsohon ya ce, "Ku gaya wa Osman..." daga nan wani gurnani ya taso ya binne maganar har tsawon sakan goma sha ɗaya, sannan a ji "wassalamu alaikum."

Shekara talatin da uku Osman yana bin waɗannan sakan goma sha ɗaya.

Ƙanensa da ke aiki a Dubai ne ya fara aiko masa da samma'ar, irin wadda ake aiki da ita a ɗakunan naɗar sauti, mai om ɗari uku a ma'aunin masu sana'ar. Da ya jona ta a laftof sai ya ji kamar ana magana daga ƙasan rijiya. Ya kai sautin ƙarshe, bai ƙaru da komai ba. A waya ma abin ya fi muni. Samma'ar irin mai cin ƙarfi ce, ramin laftof ba ya iya tura ta. Wata biyar tana rataye a ƙusa yana hararar ta, don saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar ba a aiko na'urar da za ta tura ta kai tsaye, sai an sami mai zuwa. Daga baya wani ɗan kasuwa ya zo masa da jihazin da ya dace da ita: ɗan ƙaramin akwati baƙi mai aiki biyu, yana karɓar sauti daga laftof ya fitar da shi tsaf, sannan ya ƙara masa ƙarfin da zai motsa samma'ar.

Nan ma bai huta ba. Idan jihazin na shan wuta daga laftof kawai, sautin na fitowa, amma da an buga gangar daluka da ƙarfi sai ya karye ya yi kaushi. Sai an jona shi a bango yake nuna kansa, kahraba kuwa, wato wutar lantarki, a unguwarsu sai ta ga dama. Ranar da ta zo, sai ga wani zuuu a ƙarƙashin komai. Kwana uku ya yi yana neman dalili, har ya kafa rodi a cikin ƙasa bayan ɗakin, ya zuba masa ruwa da gishiri, ya ja waya. Zuuu ɗin ya mutu. Ya tura makunnin ƙarfi zuwa sama, ya saka wani naɗi na biki don gwaji, sai ya ji fatar gangar tana dawowa bayan kowane bugu, ya ji awarwaron mai tafi, ya ji mawaƙiyar tana haɗiye yawu. Bai taɓa jin sauti haka ba.

Ya saka na mahaifinsa. Muryar ta matso kusa kamar mutumin na zaune a bayansa. Amma jihazin ba ya zaɓe: yadda ya ɗaga muryar, haka ya ɗaga shuuu ɗin tsohon kaset, haka ya ɗaga gurnanin. Sai dai yanzu gurnanin ba gurnani ba ne. Yana da hawa da sauka, yana tsayawa ya ja numfashi. Osman ya yanke wurin ya sa shi yana maimaita kansa, ya rage kaurin sautin, ya ƙara kaifinsa, ya dawo ya mayar. Kwana shida kenan.

A wannan yammacin ne ya leƙo ya kira 'yarsa Salwa, wadda ke shirin jarrabawar shahada ta kammala sakandare, tana zaune da littafi a bakin ƙofa.

"Zo ki ji min wani abu. Kunnenki ya fi nawa."

Hajo ta ɗago kai. "Osman, rana na faɗuwa. Ba a toshe wa yarinya kunne a wannan lokaci."

"Minti ɗaya ne, Inna. In kahraba ta tafi sai kuma gobe."

Salwa ta gyara mayafinta, ta zauna, ya ɗora mata samma'ar. Ladan ya fara kira. Ta rufe ido, ta saurara sau ɗaya, sau biyu. A na uku leɓɓanta suka motsa, ta furta wata kalma mai tsawo da ba Hausa ba ce, ba Larabci ba. Fitilar ɗakin ta dushe. Sai dutse ya faɗo kan kwano da ƙarar da ta sa Jummare ta saki abin shafa kisra.

Suka fito tsakar gida. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Osman ya zagaya bayan katanga da gudu yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa ba sai awaki. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya ji ba dutse ba ne, curin baƙar ƙasa ne busasshe, da guntun karan dawa a jikinsa, kuma da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga toka. Salwa na tsaye a ƙofar ɗakin, idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa.

Daga ranar gidan ya canza. Da safe Salwa lafiya lau take, sai dai ta ce kunnenta na hagu ya toshe. Da la'asar ta yi sanyi sai ta daina magana. Da rana ta taɓa bakin katanga sai jifa ta fara, ta ɗauki kamar rabin sa'a, ta tsaya da kanta bayan an idar da salla. A cikin wannan rabin sa'ar yarinyar kan zauna ta fuskanci yamma, ta dafe kunnuwa da tafin hannu, wata murya mai kauri na fita daga ƙirjinta tana cewa, "Ya isa. Ya isa." Randar ruwa ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Kaji suka ƙi shiga akurki. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta.

An kai ta asibiti, likita ya haska kunnen, ya auna jini, ya ce bai ga komai ba, wataƙila fargabar jarrabawa ce. Aka sayi magani, ta sha, jifa ba ta fasa ba. Ta bar zuwa makaranta. Littattafanta na nan kan taga, ƙura ta hau su.

Abin da Osman bai gaya wa kowa ba shi ne bai daina sauraron ba. Ya kwashe kayan ya kai shago, yana ganin in ya raba su da gidan shi ke nan. Kullum da rana, in kahraba ta zo, sai ya ja ƙofar shagon ya ɗora samma'ar. Gani yake saura kaɗan. Akwai ranar da ya rantse ya ji harafin farko na kalmar da ke bin sunansa. Ya maimaita wurin har kansa ya yi ciwo, ya cire samma'ar ya buga ta kan tebur, sannan ya ɗauka da sauri yana duba ko ta fashe. A ranar ne jifar ta fi kowace rana, har curi ɗaya ya huda kwanon ya faɗo kusa da ƙafar Hajo.

Jummare ta same shi a bakin rijiya. "Abu Salwa, ka rantse min ka daina kunna abin nan."

Ya kau da kai.

"Wallahi na sani," ta ce. "Matacce kake nema, rayayya na mutuwa a gabanka."

"Me ya haɗa jihazi da aljani? Waya ce da ƙarfe!"

"To ka je ka gaya wa 'yarka haka."

Hajo ce ta yanke maganar. Ta aika garin Showak a kira Faki Gado, wani tsohon malami da ya yi karatu tare da ƙanin mijinta. Ya iso ranar Alhamis bayan la'asar a cikin raksha mai ƙafa uku, siriri, da farar jallabiya da ta sha wanki, ba ya ɗauke da komai sai allo da 'yar jaka. Ya sha ruwa, ya ƙi shan gahawar jabana, ya ce sai an gama. Ya saurari labarin daga bakin Hajo, sannan ya juya ga Osman.

"Je ka ɗauko kayan duka. Da kaset ɗin, da abin da ka kwafe."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Salwa, uwarta na riƙe da kafaɗarta. Fakin ya sa aka ajiye laftof da jihazi da samma'a a gefe ɗaya. Ya wanke rubutu a ƙwarya, ya shafa mata a kunnuwa da goshi, ya zauna yana karatu a hankali. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe su. Iska ta tsaya. Can nesa aka ji ladan yana gyaran murya a lasifika, sai curin farko ya faɗo, ba kan kwano ba, a tsakiyar tabarmar, tsakanin fakin da yarinyar.

Faki Gado bai ɗaga murya ba. "Assalamu ala manittaba'al huda. Wane ne kai?"

Kan Salwa ya sunkuya. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai gajiya. "Ka tambayi wancan. Ya fi kowa sanin sunana."

"Ni?" in ji Osman. "Ban san ka ba!"

"Ba ka san ni ba, amma sau dubu da ɗari biyu da tara ka kira ni. Ina ƙirgawa. Ina kwance ka kira ni, ina salla ka kira ni. Daga Gadambaliya nake tasowa, in zo in tarar ba abin da kake so, sai ka sake kira tun ban juya ba."

Fakin ya ɗaga wa Osman hannu alamar ya dakata, ya juya ga muryar. "Musulmi ne kai, ke nan. To yaya sunanka ya shiga cikin wannan abu?"

Muryar ta ce, a wata bishiyar aduwa suke zaune shi da iyalinsa, a gefen sansanin. A shekarar aka faɗaɗa gona, tarakta ta tumɓuke bishiyar da tsakar rana, matarsa na ciki. Da magariba ya dawo ya tsaya kan ramin yana kuka, yana kiran sunanta, yana faɗin nasa don ta san shi ne. Wani mutum na zaune kan kututturen yana magana da wani akwati. Akwatin ya kwashi duka biyun.

"Shekara da shekaru ana kunna shi, ban damu ba, don sunan ba ya fita. Kamar sauro ne a nesa. Sai wannan ya kawo baƙin akwatinsa ya fito da shi fili, harafi bayan harafi. Sannan ya sa yarinya ta faɗa da bakinta."

"Yarinyar ba ta san abin da ta faɗa ba," in ji fakin. "Zalunci ne ka kama wanda bai sani ba. Ka fita."

"A yanka min baƙin rago a kan ramin."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kai ma ka sani."

"To in tafi da kunnenta na hagu. Shi ya ji ni."

Jummare ta fashe da kuka. Fakin ya ci gaba da karatu, yanzu da ƙarfi, har jikin Salwa ya fara karkarwa, muryar ta yi ƙara ta ce, "Tsaya! Tsaya, ya Shehu. A ƙone kaset ɗin, da duk inda aka zuba shi. In an yi haka na tafi, ba ni ba gidan nan."

Osman ya matso da gwiwa. "Sayyidna, muryar ubana ce. Ba ni da wata."

Faki Gado ya dube shi, ya dubi yarinyar. "Kai mai sana'a ne. Ana iya cire wurin kawai a bar sauran?"

Ana iyawa. Osman ya san ana iyawa, ya sha yi wa mutane. Amma wurin da za a cire shi ne wurin da ya kashe rabin rayuwarsa a kai.

"Na yarda da wannan," in ji muryar. "Sunana kawai nake so."

"To kafin nan," Osman ya ce, yana kallon fuskar 'yarsa da ba tata ba, "kana wurin. Kana tsaye kusa da shi. Don Allah me ya ce a gaya min?"

"Osman," fakin ya ce, "ba a karɓar labari daga wurinsu. Ko ya faɗa ba ka da hanyar tabbatarwa."

"Bari ya faɗa, Sayyidna. Ko ƙarya ce ina so."

Kan Salwa ya ɗago a hankali, idanun suka sauka kan Osman, babu mugunta a cikinsu.

"Ban ji ba," muryar ta ce. "Matata nake kira. Ina ruwana da abin da wani ke cewa?"

Osman ya zauna daɓas. Ya daɗe a haka, har fakin ya taɓa gwiwarsa ya ce haske na tafiya. Ya tashi ya ɗauko reza da ɗan sukurdireba. Ya kwance kaset ɗin a kan tire, ya ja zaren a hankali zuwa inda ya yi wa alama tun shekarun baya, ya yanke nan, ya yanke can. Abin da ya fita bai fi kamu uku ba. Ya haɗa bakin biyu ya manne. Sannan ya buɗe laftof ya goge duk abin da ya kwafa, da na cikin waya, da wanda ya ɓoye a wani wuri da sunan bikin wasu. Fakin ya karɓi guntun zaren ya jefa a garwashin Jummare. Ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya ɓace.

"Ka yi alkawari da sunan Wanda ya halicce ka," in ji Faki Gado.

"Na yi. Ku ma ku bar ni in huta."

"Ta ina za ka fita?"

"Ta inda na shiga."

Salwa ta yi atishawa sau uku, ta kai hannu kunnenta na hagu, ta faɗi jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Ba a sake jifa a gidan ba. Bayan sati ɗaya ta koma makaranta. Osman ya tambaye ta sau ɗaya ko ta tuna abin da ta ji a samma'ar, ta ce ita dai ta tuna ya ɗora mata, shi ke nan.

Jihazin na nan a shago, yana aiki yadda ya kamata. Masu kawo kaset suna yaba kwafensa, sun ce har tarin kakanninsu suna ji.

Wata Juma'a da hantsi ya sake kwafe kaset ɗin mahaifinsa, ya kawo kayan gida, ya ɗora wa Hajo samma'ar a karon farko. Ta yi mata nauyi, sai da ya riƙe mata. Ta saurari gaisuwar, da labarin dawa, da na ruwa, tana gyaɗa kai. Aka zo "Ku gaya wa Osman," sai ɗan ƙas na wurin manni, sai "wassalamu alaikum." Ta cire ta miƙa masa, ta share ido da bakin mayafi.

"Takalmi ne," ta ce.

"Na'am?"

"Ranar da zai tafi ka bi shi har bakin titi kana kuka, ƙafarka ba takalmi, ƙaya ta soke ka. Ya ce in ya dawo zai zo maka da shi. Ina jin shi ne zai ce a gaya maka bai manta ba."

"Inna, kin ji haka a kaset ɗin? Tun can da?"

"Ina na ji? Ni ma gurnani na ji kamar kowa. Amma shekara goma sha ɗaya na zauna da mutumin. Ba shi da dogon zance."

"To me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Don ba ni da tabbas. Kai kuma tabbas kake nema."

Osman ya riƙe samma'ar a cinyarsa yana murza wayarta. Yana so ya yi faɗa, bai san da wa zai yi ba. Ya buɗe baki zai sake tambaya, sai fankar rakuba ta rage gudu ta tsaya, ƙaramar fitilar jihazin ta mutu.

"Kahraba ta tafi," Jummare ta faɗa daga madafa.

Hajo ta jawo takalmanta da ƙafa, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. "Tashi ka yi wanka, za ka makara masallaci. In ka je ka yi masa addu'a. Wannan kam na tabbata tana isa."